Gurbin lig na dala miliyan 500, amma babu fili: muhawara kan MLS

Ɗan Ƙofar Mata:
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni ga masu bin gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka, wato MLS. Na ga San Diego FC ta fara buga lig a 2025, ita ce ƙungiya ta 30, kuma dala miliyan 500 masu ita suka biya kafin a ba su gurbi. Ba wata ƙaramar gasa suka buga suka hau ba, kuɗi suka ajiye kawai. Duk da haka filin jami'a suke amfani da shi. Ita kuma New York City FC tun 2015 take wasa ba ta da filin kanta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutumin da zai iya fitar da irin wannan kuɗi, me zai hana shi sayen fili ya gina sitadiyam cikin shekara biyu?

Abba Madrid:
Wa alaikumus salam. Kai ma dai, lig ɗin da ba a faɗuwa ba a hawa ai ba lig ba ne, kamfani ne. Ka zo na ƙarshe bana, baɗi kana nan daram. Me za ka tsaya bi a ciki?

Baban Khalifa (Bronx):
Abba, ka faɗi gaskiya ba da niyya ba. Kamfani ne, kuma su ma ba su ɓoye ba. Lig ɗin ne ke riƙe da kwantiragin 'yan wasa, masu ƙungiyoyi kuma masu hannun jari ne a cikinsa. Kamar dai kasuwar kwano ce mai shaguna ƙididdigaggu: in kana son shago sai ka biya waɗanda suka riga ka, don ribar da suke rabawa yanzu za a raba da kai. Shi ya sa farashin yake ta tashi. Toronto ta shiga a 2007 da dala miliyan 10. New York City FC ta biya miliyan 100 a 2013. St. Louis miliyan 200, Charlotte miliyan 325, sai San Diego 500.

Amma ƙanena na Ƙofar Mata, batun fili daban ne. Ni nan Bronx nake zaune, filin Yankee da suke wasa a ciki ba shi da nisa da mu. Filin besbol ne, ba na ƙwallon ƙafa ba. Duk ranar wasa sai an shimfiɗa ciyawa a kan wajen da yake ƙasa, a zana layi a karkace, filin kuma ya fito ƙuntatacce har baƙi suna ƙorafi. In jadawalinsu ya ci karo da na masu besbol, su ne ke tattarawa su tafi wani wuri. A 2022 har Los Angeles suka je suka buga wasan gida na gasar nahiyarsu, wato can ɗaya bakin ƙasar. Kuma ka san masu ƙungiyar nan su ne masu Manchester City, mutanen Abu Dhabi. Kuɗi bai taɓa zama matsalarsu ba.

Ɗan Ƙofar Mata:
To Yaya, mene ne matsalar? Shekara goma fa.

Baban Khalifa (Bronx):
Babu ƙasa. Sitadiyam mai cin mutum 25,000 yana buƙatar eka da dama a haɗe wuri ɗaya, kusa da tashar jirgin ƙasa, kuma a birnin New York duk inda ka ga sarari irin wannan, ko dai na hukumar birni ne, ko lambun shaƙatawa ne da doka ta kare, ko kuma wasu goma sun riga ka sa ido. Da farko an so a gina a lambun Flushing Meadows da ke Queens, mutanen unguwa suka tashi tsaye, don nan ne talakawa ke zuwa da iyalansu ranar hutu. Aka dawo nan Bronx kusa da filin Yankee, aka yi shekaru ana magana ta watse. Suka nemi Belmont Park, aka ba masu wasan ƙanƙara. Sai a Nuwamba 2022 magajin gari Eric Adams ya sanar da an daidaita a kan Willets Point, wani yanki shi ma a Queens. Majalisar birni ta amince a 2024, an sa 2027 za a buɗe. Ƙungiyar ce za ta biya kuɗin ginin, dala miliyan 780, ƙasar kuma haya ce ta shekara 49, tana nan a hannun birni. A gefensa za a gina gidaje 2,500 masu sauƙin haya, kuma da wannan aka shawo kan 'yan majalisa.

Safiyo Mai Ritaya:
Salamu alaikum yara. Na karanta bayanin Baban Khalifa, Allah ya yi albarka. Amma ka tsallake wani abu. Wannan Willets Point ɗin ba fili ne fetal ba da. Su waye a wurin?

Baban Khalifa (Bronx):
Ranka ya daɗe Baba, kanikawa ne da masu sayar da kayan gyaran mota na gwanjo da 'yan gwangwan. Garejoji ne jere, yawancinsu baƙi daga Latin Amurka. Wurin babu magudanar ruwa, titunan duk ramuka, in an yi ruwa sai ka rasa inda za ka taka, amma duk direban tasi ya san nan ne ake gyara da araha. Sai dai in za a yi adalci, ba ƙwallo ce ta tashe su ba. Tun zamanin magajin gari Bloomberg, a 2008, aka zartar da shirin share wurin. An kwashe wasu aka ce za a tsugunar da su a Hunts Point nan Bronx, abin bai ɗore ba. Ko da masu ƙwallo suka zo, ɓangaren da za a gina an riga an share shi.

Safiyo Mai Ritaya:
To ka ji. Abin da nake so yaron nan ya gane ke nan. Na yi aikin awon ƙasa har na yi ritaya, ban taɓa ganin fili a tsakiyar gari da babu mai shi ba. Ko juji ne, akwai mai tsintar abinci a kai. Bambancin kawai, a can mai ƙorafi yana da inda zai kai kuka: zaman jin bahasi, kansila, kotu, wani lokaci har ƙuri'a. Wannan ne ke cin shekaru. A nan Najeriya Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke takardar mallaka in an ce don amfanin jama'a ne, diyya kuma a kan gini da shuka ake lissafa ta, ba a kan ƙasar kanta ba. Shi ya sa gwamna zai iya nuna wuri yau, gobe katafila ta shiga. Da sauri kam, amma ku tambayi waɗanda aka taɓa tasa.

Abba Madrid:
Baba da girmanka, amma su ma Amurkawan suna ƙwace fili. Kada a mai da su waliyyai.

Safiyo Mai Ritaya:
Suna yi, ɗana, doka ta ba su dama in za su biya farashin kasuwa. A Washington hukumar birni ta yi amfani da wannan iko ta karɓi wani yanki na Buzzard Point don filin D.C. United, wanda aka buɗe a 2018. Amma ka duba Orlando. Wani ƙaramin coci na baƙar fata a unguwar Parramore yana tsakiyar inda aka zana sitadiyam. Aka yi ciniki bai faɗa ba, birni ya kai su kotu a 2014 don ya karɓa da ƙarfin doka, daga baya ya janye, aka matsar da ginin gaba kaɗan aka bar musu wurinsu. Ka kawo mini misali ɗaya a nan inda aka matsar da aikin gwamnati saboda mutum ya ce ba zai sayar ba.

Maman Hanifa (Ohio):
Sannunku da muhawara. Baba, ina wuni. Ina so in ɗan ja da maganar cewa mai ƙorafi yana da inda zai kai kuka. Yana da shi a takarda, amma ya danganta da wace unguwa ce. A Cincinnati, unguwar West End aka zaɓa, tsohuwar unguwar baƙar fata. Mutanen nan an taɓa yi musu: wajen 1960 aka rushe babban ɓangaren unguwar don babbar hanya da masana'antu, mutum kusan 25,000 suka rasa muhalli. Da FC Cincinnati ta zo neman fili a 2018, filin wasan makarantar sakandaren unguwar ta karɓa, ta gina musu wani a kusa, aka sa hannu a kan yarjejeniyar amfanar al'umma. An yi zaman jin bahasi, an yi ihu, an yi komai, amma kansiloli suka amince, aka buɗe a 2021. Masu haya a gidajen da ƙungiyar ta saye a kewaye aka ba su takardar tashi, ciki har da tsofaffi. Kuma ko wanda ba a tasa ba, da zarar gidajen cin abinci da na shaƙatawa sun biyo sitadiyam, kuɗin haya ne zai kore shi a hankali. Da wuya a kai irin wannan gini unguwar masu kuɗi, ku lura.

Ɗan Ƙofar Mata:
Anti, to me ya sa dole sai cikin gari? Ai a bayan gari ƙasa tana da araha, babu wanda za a tasa.

Maman Hanifa (Ohio):
Sun gwada, ƙanena, sun sha wuya. Chicago Fire ce babban misali. Wani ƙaramin gari a gefen Chicago, Bridgeview, ya ci bashi ya gina musu sitadiyam na kusan dala miliyan 100 a 2006, da tunanin otal-otal da shaguna za su biyo baya. Ba su biyo ba. 'Yan kallo kuma suka ƙi zuwa don babu jirgin ƙasa da ke kaiwa can. A 2019 ƙungiyar ta yarda ta biya fiye da dala miliyan 60 don a sake ta ta koma cikin birni, aka bar mutanen garin da bashi. Masu zuwa kallon MLS yawanci matasa ne mazauna birni, suna so su fito daga aiki su hau jirgi ko su taka da ƙafa. Tun da lig ɗin ya ga yadda Seattle da Portland ke cika, sai ya koma cewa duk mai neman gurbi ya zo da fili a cikin gari.

Kuma akwai dalilin da ya sa suka nace sai ƙungiya ta mallaki filinta. A shekarun farko, daga 1996, a manyan filayen zari-rugar Amurka suke haya. Mutum 15,000 a fili mai kujeru 70,000, kuɗin fakin da na abinci duk na mai fili ne. Asara ta yi yawa har a farkon 2002 aka rufe ƙungiyoyi biyu, Tampa Bay da Miami Fusion. Nan Columbus ne Lamar Hunt, mai ƙungiyar Columbus Crew a lokacin, ya gina fili na farko na ƙwallon ƙafa zalla a lig ɗin, a 1999, da kuɗinsa, sauran suka kwaikwaya.

Abba Madrid:
To bari in kama ku a nan. Kun ce sharaɗi ne sai da fili. New York tana da fili lokacin da aka ba ta? Babu. Charlotte fa? A filin zari-ruga take wasa, na mai ƙungiyar, David Tepper. Atlanta haka. San Diego filin jami'a. Amma Sacramento, wadda ke da magoya baya tun tana ƙaramar gasa, ga fili an ware a tsohuwar tashar gyaran jiragen ƙasa, ga amincewar birni, an ma sanar da ba ta gurbi a 2019, attajirinsu Ron Burkle yana janyewa a 2021 sai magana ta mutu. Ashe ba fili ake nema ba, mai kuɗi ake nema. Sharaɗin fili na ƙananan birane ne, da shi ake matsa wa kansiloli su saki ƙasar jama'a kafin wani gari ya riga su.

Baban Khalifa (Bronx):
Wannan kam ka yi magana, ban da ja. Don Garber, shugaban lig ɗin tun 1999, ya san in birane biyar na neman gurbi biyu, kowanne zai ƙara tayi. Amma ba kullum dabarar ke ci ba. A St. Louis a 2017 aka kai wa jama'a ƙuri'a kan a ba da dala miliyan 60 na haraji, suka ce a'a. Kowa ya ɗauka shi ke nan. Bayan shekara biyu iyalan Taylor, masu kamfanin hayar motoci na Enterprise, suka dawo da shirin gini da kuɗinsu, aka ba su gurbi, suka fara wasa a 2023. Ashe kuɗin yana nan tun farko.

Ɗan Nima:
Gaisuwa daga Accra, manya. Ku kuna ta New York, kun manta da wanda ya fi kowa shan yawo, Beckham. Da ya je LA Galaxy a 2007 aka sa masa a kwantiragi cewa zai iya sayen gurbi a kan dala miliyan 25. Ya ce Miami yake so a 2014. Ya nemi tashar jiragen ruwa, kamfanonin jiragen yawon buɗe ido suka ƙi. Ya nemi bakin teku a tsakiyar gari, birni ya ƙi. Ya koma kusa da filin besbol a Little Havana, masu filaye suka tsawwala kuɗi. Ya sayi wuri a Overtown, aka shiga kotu. Sai da Jorge Mas, ɗan gari mai kamfanin gine-gine da sanin 'yan siyasa, ya shigo, sannan aka juya zuwa filin golf na Melreese kusa da filin jirgin sama. Aka yi ƙuri'a a Nuwamba 2018, kusan kashi 60 suka yarda, amma kansiloli ba su amince da hayar shekara 99 ba sai 2022. Shi ya sa ko da Messi ya zo a 2023, ba a Miami yake wasa ba, a Fort Lauderdale ne, a daidai wurin da Miami Fusion ta yi wasa kafin a rufe ta.

Safiyo Mai Ritaya:
Me ya sa mutanen Miami suka yi masa taurin kai haka, da sunansa da komai?

Ɗan Nima:
Baba, an taɓa cutarsu ne. A 2009 hukumomi suka ɗauki yawancin kuɗin gina wa ƙungiyar besbol ta Marlins fili, da bashin da za a yi shekaru da dama ana biya da ruwa. Mutane suka fusata, yana cikin dalilan da suka sa aka yi wa shugaban gundumar, Carlos Alvarez, kiranye a 2011. Tun daga nan duk ɗan siyasar da ya ji kalmar sitadiyam sai ya ja da baya. Shi ya sa su Mas suka yi ta nanata cewa ko sisi ba za a taɓa na haraji ba. Kuma ƙasar Melreese ɗin ma gurɓatacciya ce, tokar shara aka taɓa zubawa a wurin, gwaji ya nuna guba a ciki, tsaftace ta na wuyan ƙungiyar.

Maman Hanifa (Ohio):
Wannan "ko sisi" ɗin ne nake so a riƙa bincika. Eka 131 ce a Melreese. Sitadiyam ɗan ɓangare ne, an ware eka 58 na lambun jama'a, sauran otal ne da ofisoshi da shaguna. Wato ƙwallon ce ta buɗe musu ƙofar samun ƙasar birni ba tare da an yi gwanjonta ga kowa ba, don abin da aka yi ƙuri'a a kai ke nan. Na New York ma, tunda ƙasar ta birni ce, ba za a biya harajin gini ba, kuma ofishin kasafin birnin mai zaman kansa ya ƙiyasta abin da za a rasa ya haura dala miliyan 500 tsawon hayar. Ga gyaran titi da magudana da birni zai yi. Ba sa karɓar kuɗi a hannu yanzu, ƙasa suke karɓa.

Baban Khalifa (Bronx):
Hajiya, haka ne, amma a auna da abin da ke wurin da. Willets Point ta yi shekaru tana kango, gwamnatoci sun zo sun wuce ana alkawari. In sitadiyam ne zai sa a gina gidaje 2,500 da makaranta, ni da nake biyan haya a birnin nan ba zan ce a fasa ba.

Maman Hanifa (Ohio):
Allah ya sa a gina su duka, Alhaji. Ka dai riƙa ƙirgawa.

Ɗan Ƙofar Mata:
Ni abin da ya tsorata ni a tsarin nan, in gari ya ƙi ba da fili, mai ƙungiya zai iya ɗauke ta ya kai wani gari? Don ni ko a mafarki ban ga yadda za a ce Pillars ta koma Fatakwal ba. Da aka dakatar da mu daga filin Sani Abacha muka riƙa wasan gida a Kaduna ma, ji muka yi kamar an yi mana mutuwa.

Maman Hanifa (Ohio):
Zai iya, kuma a kanmu aka gwada. A Oktoba 2017 mai Columbus Crew, Anthony Precourt, ya ce in ba a samar masa fili a tsakiyar gari ba zai kai ta Austin a Texas. Magoya baya suka tashi da gangami, har a coci da makarantu ana maganar. Abin da ya cece su wata doka ce ta jihar Ohio ta 1996, da aka yi bayan an ɗauke ƙungiyar zari-ruga ta Cleveland aka kai Baltimore. Dokar ta ce ƙungiyar da ta amfana da wurin da haraji ya tallafa sai ta ba da sanarwar wata shida, ta kuma ba 'yan gari damar saye. Jiha da birni suka shigar da ƙara a 2018. Ƙarshe iyalan Haslam da na Edwards suka karɓi Crew, shi kuma aka ba shi sabon gurbi a Austin, inda birni ya ba shi hayar filinsa na McKalla Place. Crew ta ci kofi a 2020 da 2023, ta samu sabon fili a cikin gari a 2021. Sai dai shi ma da kuɗin jama'a a ciki, don haka abin da ya nema tun farko an yi, wani ne dai ya ci moriyarsa.

Abba Madrid:
Kun gani ko? Pillars ta faɗi a 2022, da kofunanta huɗu, ta sha wuya ta dawo. Wannan ita ce ƙwallo. Can kuwa barazana ake yi da ƙaura.

Safiyo Mai Ritaya:
Abba, rashin faɗuwar nan da kake zagi shi ne ya sa mutum zai zuba dala miliyan 700 a gini. Wa zai yi haka in baɗi zai iya tsintar kansa a gasar 'yan dagaji? Mu da muke hawa da sauka, ƙungiyoyi nawa ne ke da filin kansu? Kusan duk na gwamnatin jiha ne, ƙungiyar ma ta gwamnati ce, ranar da za a yi taron siyasa a kafa rumfuna a kan ciyawar. Wanda ya fita daban shi ne Kunle Soname da ya gina wa Remo Stars nata a Ikenne, kuma ga shi sun ɗauki lig a 2025.

Abba Madrid:
Tottenham da Everton sun gina sababbi, Baba, kuma a Ingila ana faɗuwa. Everton ma tana gini tana kokawar tsira.

Ɗan Nima:
Za mu gani ai, tunda ɗaya lig ɗin na Amurka, USL, ya kaɗa ƙuri'a a 2025 cewa zai fara hawa da sauka. Ni dai San Diego nake bi, don mai ita, Mohamed Mansour ɗan Masar, shi ne mai makarantar ƙwallo ta Right to Dream ta nan Ghana, inda Kudus ɗan unguwarmu ya fito. Abokan haɗin gwiwarsa kuma ƙabilar Sycuan ce, 'yan asalin ƙasar, kuma a kan ƙasarsu aka gina wurin atisaye da makarantar yara. Sitadiyam ɗin kuwa, a 2018 masu son kawo MLS da jami'ar San Diego State suka kara a ƙuri'a kan wuri ɗaya, jami'a ta ci. Yanzu a filin da jami'ar ta gina ƙungiyar ke wasa.

Ɗan Ƙofar Mata:
Anti, Chicago fa, bayan sun baro Bridgeview ina suka ƙare?

Maman Hanifa (Ohio):
Soldier Field, filin zari-ruga na cikin birni, suke haya. Amma a 2025 mai ƙungiyar, Joe Mansueto, ya sanar zai gina nasu da kuɗinsa a bakin kogi kusa da tsakiyar birni, a wani kango da ake kira The 78, kujeru 22,000, ana sa ran 2028. Su kuma mutanen Bridgeview har yanzu suna biyan bashin wancan.